Yadda Ake Ba Kare Koren Wake Ba Tare da An Cutar da Shi Ba

Koren wake, siririn waken nan da ake ci da kwansonsa, wanda ake yankawa a soyayyiyar shinkafa da salak, yana cikin kayan lambun da kare zai ci lafiya lau. Likitocin dabbobi sukan ba da shawararsa ga karen da ya yi ƙiba, da wanda ba ya daina neman ƙari bayan ya siɗe kaskonsa. Amma a san matsayinsa tun da farko: ƙari ne a kan abinci, ba ya zama abincin kansa. Karen da ke gadin gida, ko bin garke, ko fita farauta, yana buƙatar nama ko abin da ya tsaya a madadinsa, kuma koren wake ba ya cikin wannan sahun.

A Sakkwato yawancin illar da ake samu ba daga waken take fitowa ba. Daga tukunyar da aka dafa shi take fitowa, wato albasa da tafarnuwa da dunƙulen ɗanɗano da mai, sai kuma ba shi ga karen da tun asali a rame yake. Wanda ya kiyaye waɗannan biyu ya gama rabin aikin.

Abin da ke cikinsa

Giram 100 na ɗanyen koren wake yana da kalori kusan 31, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Furotin ɗinsa bai kai giram 2 ba, mai kuwa kamar babu. Yana da faiba kusan giram 2.7, wato zare-zaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wanda ke cika tumbi ya kuma daidaita kashi. Akwai bitamin K da C da ɗan abin da jiki ke mayarwa bitamin A.

A gwada wannan da busasshen abincin kare na buhu, wanda giram 100 nasa yakan kai kalori 350 ko fiye. Bambancin ya wuce ninki goma. Amfanin koren wake a nan yake: kare zai ji cikinsa ya yi nauyi alhali bai ci abin da zai ƙara masa kitse ba. Illarsa ma a nan take, domin karen da ke buƙatar ƙarfi zai cika ciki da abin da ba zai riƙe shi ba. Kada a saye shi don bitamin. Jikin kare yana haɗa bitamin C da kansa, kuma abinci mai kyau ya ishe shi sauran.

Mataki na farko: a duba karen kafin a je kasuwa

Ka tsayar da karen a wuri mai haske, ka shafa tafin hannunka a gefen ƙirjinsa. Idan yatsunka suna jin haƙarƙari ba tare da dannawa ba, kuma akwai ɗan nama a kansu, jikinsa daidai yake. Ka tsaya a bayansa ka dube shi daga sama: ya kamata a ga ƙugu ya shiga ciki bayan haƙarƙari. Daga gefe kuma cikin ya ɗage sama zuwa wajen cinya. Idan sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji ƙashi, ƙugun ya ɓace, bayan ya yi faɗi, wannan kare ya yi ƙiba. Likitoci suna auna wannan da ma'auni daga 1 zuwa 9, inda 4 da 5 ne daidai, daga 6 zuwa sama nauyi ya fara yawa.

Masu ƙiba a garin nan galibi karnukan waje ne da ake kulle su a keji ko a ɗaure su duk yini, irin su Alseshan da Bowabul da Rotwaila, musamman waɗanda aka dandaƙe da waɗanda suka manyanta. Ana sakinsu da dare kawai, su zaga gida sau biyu su kwanta, ga kuma sauran abincin gida da ake juye musu a kan nasu. Su ne koren wake ya fi yi wa rana.

Karen gida na gargajiya daban ne. Karnukan farauta da na makiyaya a wannan yanki, da danginsu na Azawak da ke ƙasar Nijar da Mali, halittarsu ce siranta: dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. Ganin haƙarƙari biyu ko uku a jikinsu ba ciwo ba ne. Irin wannan kare ba shi da kitsen da za a rage, kuma sau da yawa abincin ne ma bai ishe shi ba. Idan za a ba shi koren wake, a ba shi ɗan kaɗan a kan cikakken abincinsa, kada a rage masa ko loma ɗaya.

Akwai waɗanda ba a ba su sam, ko sai da izinin likita. Ɗan kwikwiyo da bai wuce wata uku ko huɗu ba cikinsa ƙarami ne, duk gurbin da wake ya cika an hana shi abincin girma. Haka karya mai ciki ko mai shayarwa, wadda buƙatarta takan ninka sau biyu ko uku a tsakiyar shayarwa. Karen da ke zawo ko amai a bari sai ya warke. Wanda ya rame, gashinsa ya yi furu-furu, cikinsa ya yi tulu, maganin tsutsar ciki yake nema. Wanda aka taɓa gano yana da ciwon ƙoda, ko tsakuwa a mafitsara, ko ciwon suga, kada a sauya masa abinci sai likitan da ke duba shi ya yarda.

Sai a auna nauyinsa a rubuta. Idan akwai sikelin da mutum ke hawa, mai kula da karen ya hau shi kaɗai, sannan ya ɗauki karen ya sake hawa, a cire na farko daga na biyu. Babban kare da ba ya ɗaukuwa a kai shi asibitin dabbobi. Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana nan cikin gari, ga kuma asibitin dabbobi na jiha. Tafiya ɗaya ta isa a auna shi, a duba tsutsa da kaska, a kuma tabbatar allurar haukan kare ta shekara ba ta wuce ba.

Mataki na biyu: saye

Ana samunsa wurin masu karas da kabeji da koren tattasai a manyan kasuwannin gari. Da yawansa daga Filato ake kawo shi, don haka kafin ya iso ya sha hanya da zafi. A je da safe, kafin rana ta buge shi a kan tebur.

A ɗauki guda a karya. Mai kyau zai karye nan take da ɗan ƙara, ruwa ya fito a bakin. Wanda ya lanƙwashe bai karye ba ya kwana biyu. A zaɓi sirara masu kore sosai, waɗanda ƙwayar ciki ba ta kumburo ba. Idan ana ganin tudun ƙwayoyi a jikin kwanson, ya tsufa, zarensa ya yi tauri, kuma shi ne ya fi kawo iska a ciki. A bar duk mai baƙin tabo, mai santsi, ko mai farin fumfuna. Wasu sukan ce ai na kare ne, sai su karɓi ragowar da mai kaya zai zubar. Fumfuna tana cutar da kare kamar yadda take cutar da mutum.

Na gwangwani a bar shi in da hali, domin a ruwan gishiri ake adana shi. In ba makawa, a tsiyaye ruwan, a ɗauraye waken sau biyu ko uku. Waken gwangwani mai jan romo da ake zubawa a salak wani abu ne daban, akwai suga da gishiri da kayan ƙamshi a ciki, ba na kare ba ne.

Da damina, ɗanyen kwanson waken gida da bai yi ƙwaya ba yana iya maye gurbinsa, sai dai a ƙara masa lokaci a wuta. Busasshen wake kuwa, fari ko ja, ba a ba kare shi ɗanye ko rabin dahuwa.

Mataki na uku: wanki da yanka

A zuba waken a roba, a wanke shi da ruwa mai tsabta sau uku, ana murza shi da hannu, ana sauya ruwan kowane karo. Dalili biyu ne: feshin maganin ƙwari a gona, da ruwan da ake yayyafa masa a kasuwa, wanda ba a san daga inda aka ɗebo shi ba. Ba a sa sabulu ko omo.

A cire kan da ke da tsinke da kuma jelar. Idan zare ya biyo baya a gefen kwanson, a ja shi har ƙarshe a yar. Wannan zaren ne yakan maƙale a tsakanin haƙora ko a maƙogwaro.

Yanka shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. Kare ba ya tauna abinci yadda akuya ke yi. Haƙoransa na yaga ne, kuma yawanci haɗiyewa yake yi. Dogon wake guda yana iya shaƙe ƙaramin kare, a babba kuma sai ya fito a kashi yadda ya shiga. Ga karen da bai kai kilo 10 ba, a yanka tsawon rabin santimita zuwa santimita ɗaya, kamar yankan soyayyiyar shinkafa. Ga babba, santimita 2 ya yi. Tsohon kare da haƙoransa suka zube a dafa masa a murƙushe da bayan cokali. A yi amfani da wuƙa da katakon da ba a yanka albasa a kansu ba, ko a wanke su tukuna.

Mataki na huɗu: dahuwa

Kare zai iya cin guda biyu ko uku ɗanye ba abin da zai same shi. Amma abin da za a riƙa ba shi kullum a dafa. Dangin wake suna da wani sinadari mai suna lektin da ke tayar da ciki, yana kawo amai da zawo idan ya yi yawa, kuma zafin wuta yana kashe shi. A koren wake ba shi da yawa kamar a busasshe, sai dai dahuwar tana kuma tausasa zaren ta kashe ƙwayoyin cutar da wanki bai fitar ba.

Hanya mafi kyau ita ce turarawa. A sa ruwa a tukunya ya tafasa, a ɗora madambaci ko gwagwa a kai, a zuba waken, a rufe, minti 6 zuwa 8. In babu madambaci, a zuba shi a tafasasshen ruwa daidai wanda zai rufe shi, minti 5 zuwa 7. Ya dahu idan ya murƙushe tsakanin yatsu biyu da ɗan matsi amma bai zama kunu ba. A tsiyaye, a baza a faranti ya huce sarai. A sa yatsa a tsakiyarsa a ji. Kare mai yunwa ba ya jiran abinci ya huce, zai ƙone baki.

Ruwa zalla ake dafawa da shi. Ban da gishiri, ban da dunƙule, ban da daddawa, barkono, attaruhu, kori, man gyaɗa ko manja. Ban da kanwa, wadda wasu ke jefawa don ganye ya yi laushi ya riƙe korensa. Gishiri ce ita ma a wajen jikin kare, kuma tana lalata wasu bitamin. Mai kuwa yana rushe dalilin ba da waken gaba ɗaya: babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori kusan 120, ya fi abin da ke cikin giram 300 na waken. Abinci mai maiƙo da yawa a lokaci guda yana kuma iya kumbura wa kare wata gaɓa ta kusa da tumbi (pancreas) da ke fitar da ruwan narkar da abinci, ciwo mai tsanani da ke zuwa da amai da ƙin cin abinci.

Idan karen ya ƙi shi saboda ba ɗanɗano, a tafasa ɗan nama ko ƙashi a ruwa zalla, a kwashe man da ya taso, a yayyafa cokali biyu na romon a kan waken. Romon da aka yi wa mutanen gida ba ya shiga nan, domin da wuya a same shi ba albasa.

Maganar albasa da tafarnuwa

Wannan ita ce babbar magana, kuma a ƙasar da ake noman albasa da tafarnuwa kamar tamu, daga Wurno zuwa Goronyo, babu tukunyar da ba sa shiga. Dukansu suna da sinadaran da ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare har su farfashe. Dahuwa ba ta kashe gubar, suya ba ta kashe ta, shanya ma haka. Garin albasa da garin tafarnuwa sun ma fi ƙarfi saboda an janye ruwan. Lawashi ma yana ciki. Tafarnuwa ta fi albasa ƙarfi idan aka auna nauyi da nauyi.

Abin da likitoci ke ɗauka a matsayin haɗari shi ne kare ya ci albasa da ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyin jikinsa a zama ɗaya. Ga kare mai kilo 20, giram 100 ke nan, matsakaiciyar albasa guda. Ga mai kilo 5, kwatanta kawai. Kuma kaɗan-kaɗan da ake ci kullum yana taruwa ya yi irin wannan ɓarnar.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamun ba sa fitowa a ranar. Sai bayan kwana ɗaya zuwa biyar za a ga karen ya yi laushi, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, ya ƙi abinci. A ɗaga leɓensa a duba dasashi: maimakon ja-ja mai haske, za a gan shi fari fat ko ruwan ɗorawa. Fitsari yakan koma ja ko kalar shayi. Waɗannan alamun su ne kuma na ciwon da kaska ke sa wa kare a jini, wanda ya yawaita da damina. Ido ba ya raba su, sai gwajin jini. A kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita duk abin da ya ci a makon.

Saboda haka koren waken da ke cikin ragowar shinkafar biki ko salak ba ya cikin abin da muke magana a kai. Tsince shi daga ciki ma bai wadatar ba, ya riga ya sha mai da ruwan albasa. Ragowar biki sau da yawa tana ɗauke da dafaffen ƙashin kaza, mai tsagewa ya huda hanji, wani lokaci da zabibi, wanda shi da inabi suna iya kashe ƙodar kare. Matar gida ko mai aikin da ke girki ta ɗebi rabon karen ta ajiye gefe tun waken yana ɗanye, kafin ya haɗu da komai.

Mataki na biyar: nawa za a ba shi

Ƙa'idar da aka sani ita ce duk wani ƙari a kan ainihin abinci kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini. Kare mai kilo 20 da ba ya aiki mai nauyi yana buƙatar kalori 1,000 zuwa 1,200 a yini, kashi 10 ɗinsa ya kama 100 zuwa 120. A lissafi wannan ya fi giram 300 na koren wake, amma cikin kare ba zai ɗauki haka ba. Zawo zai riga lissafin isowa. Don haka ciki ne ke yanke iyaka.

Abin da ya dace a yini, na dafaffe yankakke: kare ƙasa da kilo 10, babban cokali 1 zuwa 2. Daga kilo 10 zuwa 25, cokali 3 zuwa 5. Daga kilo 25 zuwa 40, kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara ɗaya. Wanda ya haura kilo 40 zai iya kai gwangwani ɗaya da rabi. A raba shi biyu, safe da yamma, a cakuɗa da abincin sosai don kada ya tsince nama ya bar waken.

Ba a farawa da wannan adadin. Sannu ba ta hana zuwa. Kwana biyun farko a ba da kashi ɗaya cikin huɗu, a duba kashinsa washegari. Idan ya fito a dunƙule, ana iya kwashe shi da shebur bai bar shafi ba, a ƙara zuwa rabi na kwana biyu, sannan kashi uku cikin huɗu, a cika a ƙarshen mako. Ƙananan halittun da ke zaune a hanjin kare suna buƙatar kwanaki kafin su saba da sabon faiba, shi ya sa zubawa gaba ɗaya ke kawo tusa da kumburi. A makon gwajin kada a shigo da wani sabon abinci, don in matsala ta taso a san mai laifi.

Ga masu haɗa abincin kare a gida, da tuwo ko shinkafa ko ƙanzo da kayan cikin da ake sayowa wurin mahauta: gurbin da koren wake zai ci a kasko daga rabon tuwo ko shinkafa za a cire shi, ba daga rabon nama ba. Tuwon ne ke sa ƙiba, naman ne ke riƙe tsoka. Faiba yana jan ruwa a hanji, don haka kada kaskon ruwa ya bushe. Kare yana shan mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a yini, lita ɗaya ko fiye ke nan ga mai kilo 20, kuma a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Sakkwato, buƙatar takan ƙaru sosai.

Idan rage ƙiba ake nema

Akwai wani tsari da ya yaɗu a intanet daga Amurka, inda ake maye kashi 10 na abincin kare da koren wake, a riƙa ƙarawa har ya kai rabi. Nauyi yana sauka, gaskiya ne. Amma karen da aka cire wa rabin abinci an cire masa rabin furotin da rabin sinadaran gina ƙashi da jini. Tsoka ce ke zubewa tare da kitsen, gashi ya lalace, karen gadi ya koma ba kuzari, kuma da an koma tsohon abinci nauyin yake dawowa. Kada a bi wannan hanya.

Abin da ya fi shi ne a fara da auna abincin da ake ba shi yanzu, da sikeli ko da gwangwani ɗaya tak da ba a sauyawa. A tsayar da duk ragowar da yara da masu gadi ke jefa masa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Sannan a rage kashi 10 na abincin a cike gurbin da wake. Misali, karen da ke cin giram 300 na abincin buhu, a cire giram 30, a sa giram 60 zuwa 80 na dafaffen wake. An cire kalori kusan 105, an mayar da kusan 25, kasko kuma ya ma fi dā cika.

A auna shi duk mako biyu, da safe kafin ya ci. Saukar da ake so ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako: ga kare mai kilo 40, giram 400 zuwa 800. In ya fi haka sauri, a mayar da ɗan abinci. In wata guda ya wuce sikeli bai motsa ba, kada a ci gaba da ragewa da ka; a koma wurin likita, domin akwai ciwon maƙoƙo da ke sa kare ƙiba ko da bai ci da yawa ba. A haɗa da tafiya ta minti 20 zuwa 30, bayan asuba ko bayan faɗuwar rana. Fitar da kare mai ƙiba da tsakar rana a bazara yana iya kashe shi, ƙasa mai zafi kuma tana ƙona tafin ƙafarsa.

Abin da kan faru da abin yi

Tusa da ƙugin ciki a kwanakin farko: an yi sauri, ko waken ya tsufa, ko bai dahu ba. A koma rabin adadin a ƙara minti biyu a wuta. Kashi mai ruwa sau ɗaya ko biyu, karen kuma yana wasa yana cin abinci: a tsayar da waken kwana uku, a sake farawa da cokali ɗaya. In ya sake faruwa, cikinsa bai karɓa ba, a gwada dafaffiyar kabewa ko karas a madadinsa, da irin wannan adadin. Ganin gutsattsarin kore a kashi yana nufin yankan ya yi girma.

Ƙaiƙayi, jan kunne ko kumburin fuska bayan cin wake ba kasafai ake gani ba, amma in ya faru a daina.

Wasu alamun kuwa ba na jira ba ne. Zawo da jini, musamman ga ɗan kwikwiyo da ba a yi wa rigakafi ba, ya fi kama da cutar fabo, mugun ciwon hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka, ba wake ba ne. Amai fiye da sau biyu a yini, ko zawon da ya wuce kwana ɗaya a lokacin zafi, yana ƙarar da ruwan jiki da sauri. Idan babban kare mai zurfin ƙirji ya kumbura ciki ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, yana dalalar da miyau, ya kasa kwanciya, tumbinsa ne mai yiwuwa ya murɗe, kuma sa'o'i kaɗan ke tsakaninsa da mutuwa. A tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Don rage wannan haɗarin, manyan karnuka a raba musu abinci sau biyu a yini, kuma kada su yi guje-guje sa'a ɗaya kafin ci da bayansa. A duk waɗannan kada a ba kare maganin mutane. Farasitamol da ibuprofen suna iya lalata masa hanta da ƙoda.

Ajiya

Ɗanyen wake da ba a wanke ba yana yin kwana 5 zuwa 7 a firji cikin leda mai ƴan huji. In babu firji, a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi a ajiye kusa da randa, a yi amfani da shi cikin kwana biyu. Dafaffe yana yin kwana 3 a firji cikin roba mai murfi, muddin wuta ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Ba firji, a dafa na yini ɗaya kawai. Abin da ya rage a kasko bayan rabin sa'a a zubar, a wanke kaskon da soso da sabulun da aka ware masa, nesa da kwanukan gida.

Mai firiza da tsayayyiyar wuta ko sola zai iya sayen da yawa lokacin da ya yi araha. A yanka, a jefa a tafasasshen ruwa minti 3, a kwashe a tsoma a ruwan sanyi, a tsane, a ƙulla rabon kowace rana a leda daban. Yana yin watanni a haka. Ranar da za a ba da shi, a ƙarasa dahuwar minti 3 zuwa 4. A tsananin zafi ana iya ba babban kare ƴan gutsattsarin da aka dafa sarai aka daskarar, guda biyar ko shida, yana tauna yana jin sanyi. Ƙaramin kare da mai haɗiya ba tauna a narkar musu tukuna. Ledar da ta narke saboda ɗaukewar wuta, in har da sauran sanyi a jikinta, a dafa a ba da ita a ranar. Wadda ta yi ɗumi, ko ta fara santsi ko tsami, a zubar da ita inda karen ba zai tono ba.